Hoton ragar waya da tulun alminiyam: abin da na samu a rumfar wani matashi a ƙasar Wudil

A bakin wata 'yar kasuwar ƙauye da ke kan hanyar Wudil zuwa Gaya akwai wata rumfar kwano da ba ta da allon suna, kuma duk wanda ya wuce ta a kan babur zai ɗauka wurin walda ne kawai, domin abin da ke jingine a ƙofarta ƙyamaren ƙarfe ne da tagogi da kejin kaji. Mai rumfar matashi ne da bai kai shekara talatin ba, ɗan gidan maƙera, wanda ya koyi walda a Kano sannan ya dawo gida. Baya ga waldar da yake ci da ita, yana yin wani aiki da ban taɓa ganin irinsa a ƙasarmu ba, wato yana fitar da fuskar mutum daga ragar waya, yana kuma naɗe kayan gida da wayar alminiyam har su koma abin kallo. Na ba shi aiki biyu a farkon daminar bara, kuma tun da na karɓe su sun ga ƙarshen waccan damina, sun ga hunturu da bazara, ga shi sun shiga wata daminar, saboda haka abin da zan faɗa a kansu ba na ɗokin ranar farko ba ne.

Abin da ya fara burge ni game da yaron shi ne bai ɓoye inda ya samo dabarar ba. Da na tambaye shi, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini bidiyon wani mai fasaha ɗan Koriya ta Kudu mai suna Park Seung-mo (Park ɗin sunan dangi ne, domin mutanen Koriya da shi suke farawa). An haifi wannan mutum a shekarar 1969, ya yi karatun fasaha a Jami'ar Dong-A da ke birnin Busan, ya yi zama a Indiya, daga baya kuma ya yi aiki a New York ta ƙasar Amurka. Ayyukansa da suka yi fice iri biyu ne. Na farko shi ne naɗe siffar abu da wayar alminiyam, zagaye bayan zagaye ba tare da barin tsakani ba, kuma ta haka ya yi keke da kayan kiɗa irin su fiyano, har da siffofin mutane. Na biyu shi ne jerin hotunan da ya sa wa suna Maya, kalmar da ke nufin ruɗin ido ko abin da ake gani alhali ba shi da tabbas a harshen Sanskirit na Indiya. A wannan yakan jera ragar ƙarfe da ba ya tsatsa falle-falle, ya haska hoton mutum a kanta da na'ura, sannan ya bi da almakashi yana yanke waya daga kowane falle har fuskar ta bayyana. Matashin namu iri biyun duka ya kwaikwaya, ni kuma na gwada shi a kan kowanne.

Aikin farko da na ba shi hoton mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Abin da muke da shi na marigayin wani ɗan ƙaramin hoto ne baƙi da fari, wanda gefensa ya fara cinyewa, yana sanye da hula da farar riga, da farin gemu, da bille a kumatunsa na hagu. Mun yi ciniki a kan tsawon ƙafa uku da faɗin ƙafa biyu, ya fara da naira 60,000, muka ja har ya sallama a naira 45,000, na ba shi rabi kafin alƙalami. Aiki na biyu shi ne tulu da ƙwarya da ludayi na mahaifiyata, waɗanda suka daɗe a ajiye a ɗaki ba a amfani da su, kuma na nemi ya naɗe su ya ɗora a kan faranti guda na katako. Wannan ya ci naira 30,000.

Tun da ba shi da na'urar haska hoto, hanyar da ya bi ta cancanci a bayyana ta, domin a nan ne basirarsa ta fi fitowa. Ya kai hoton wani shagon kwamfuta a Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa, aka faɗaɗa shi aka buga a kan takardu da dama, ya dawo ya haɗa su da gam suka zama babban hoto guda. Daga nan ya zauna da biro yana zagaye wuraren da suka fi duhu, kamar ƙwayar ido da ƙasan hanci da inuwar hula a goshi, sannan waɗanda ke bi musu, har ya raba fuskar gida shida daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Kowane gida ya ba shi fallen raga guda. Inda fuska take da duhu sosai ya bar fallayen shida duka, inda take da matsakaicin haske ya yanke uku ko huɗu, inda kuwa fari ne ya huda su duka sai na baya kawai ya bari. Da ya gama sai ya jera su a cikin firam ɗin ƙarfe da ya walda da kansa, yana sa noti tsakanin kowane falle da mai bi masa don kada su manne, har kaurin abin ya kai kusan faɗin tafin hannu. Babu fenti ko ɗigo a jikinsa. Duhu da hasken da ake gani yawan waya ne da ƙarancinta kawai, kuma idan mutum ya ja baya idonsa ba ya iya rarrabe wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ya haɗe su ya ga inuwa, kamar yadda hoton jarida yake tarin ɗigo-ɗigo idan aka kusantar da shi ga ido.

Ranar da na je karɓa na tsaya dab da shi, ban ga komai ba sai tarkacen waya kamar kejin da akuya ta tattake, har raina ya fara ɓaci ina lissafin kuɗina. Yaron ya lura, sai ya ce, “Baba, kada ka tsaya a nan, don Allah ja da baya zuwa gindin darbejiyar can.” Ya ɗauki firam ɗin ya tsayar da shi a bakin rumfa inda hasken rana ke bayansa. Da na yi taku bakwai ko takwas na juyo, sai ga mahaifina yana kallona. Ba zan ce kamar hoto ba, domin ya fi hoton da na ba shi rai, saboda idan ka ɗan gusa dama ko hagu fallayen suna sauya yadda suka hau juna, sai inuwar fuskar ta motsa kaɗan kamar mai shirin yin magana. Billen nan, wanda na ɗauka zai ɓace, ya fitar da shi ta hanyar barin 'yan silin waya a karkace a fallaye biyu na gaba, kuma da shi gwaggona, ƙanwar marigayin, ta gane shi tun daga ƙofar zaure ba tare da an gaya mata ba. Ta ce, “Yaya ne wannan,” ta matsa don ta taɓa shi, da ta iso kusa kuma ya watse mata ya koma waya, ta tsaya tana salati.

Duk da haka aikin yana da aibu, kuma wanda zai ba da kuɗinsa ya kamata ya san su. Fallaye shida sun yi kaɗan ga fuskar da ke da farin gemu a kan farar riga, saboda haka daga haɓa zuwa ƙirji komai ya narke ya zama fari guda, ba a gane inda gemu ya ƙare riga ta fara. Aikin zaren da ke jikin hular ya ɓace gaba ɗaya, ta zama baƙin dunƙule kawai. A kumatu da goshi, maimakon haske ya sauka a hankali, ana ganin iyakar kowane falle kamar matakala, kuma idon hagu ya ɗan fi na dama hawa sama, abin da nake zaton ya samo asali ne tun wajen manna takardun. Waɗannan duka kurakuran mai koyo ne, kuma na ga wani hoton da ya yi bayan nawa da fallaye tara wanda matakalar ta ragu ƙwarai a cikinsa, sai dai kuɗinsa ya haura.

Babban aibin kuwa ba a hannunsa yake ba, a ragar yake. Shi mutumin Koriya da ƙarfen da ba ya tsatsa yake aiki, wanda ake gaurayawa da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma wannan sinadari ne yake yi masa wata siririyar fata da ke kare shi daga ruwa da iska, ko an yanke shi fatar takan sake rufe bakin yankan da kanta. Matashin namu kuwa da ragar da magina ke tankaɗe yashi da ita ya yi mini, wadda baƙin ƙarfe ce da aka shafe da zinki, irin shafen kwanon rufi. Shafen yana kare jikin waya muddin yana nan, amma hoto irin wannan dubban yanka ne, kuma kowane yanka ya bar bakin ƙarfe a buɗe, ga shi shafen ragar mai araha siriri ne. Kafin kaka ta shigo bakunan wayoyin sun fara yin ja, kuma da yake yankan ya fi yawa a kewayen ido da hanci da baki, a nan tsatsar ta taru, har fuskar ta zama kamar ta wanda ya sha kuka. Da na koma masa da maganar bai yi gardama ba. Ya ce ragar da ba ta tsatsa sai an shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma tsadarta za ta sa mutanen ƙauye su gudu, shi ya sa bai ko ambata ta ba. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, amma ni ina ganin haƙƙin mai saye ne a shimfiɗa masa zaɓi biyun da farashinsu, shi ya yanke wa kansa, domin da an gaya mini da na ƙara kuɗin ba tare da jayayya ba. Wanda zai yi oda ya nemi a nuna masa ragar kafin a fara yanka, ya kuma tafi da ɗan maganaɗisu, domin ragar magina tana cafke shi nan take, irin wadda ba ta tsatsa da aka fi saƙa raga da ita kuwa ba ta kama shi da ƙarfi. Ragar taga ta alminiyam ma ba ta jan tsatsa, sai dai tana da laushi, tana lotsawa idan hoton ya yi girma.

Akwai kuma abin da bai gaya mini ba ranar karɓa, wanda sai da na sha wahala na gano. Wannan hoto ba ya rayuwa sai da haske ko farin abu a bayansa. Da na kai shi gida na rataye a bangon ɗakina na jar ƙasa, sai ya mutu murus, kamar ba shi ne na gani a bakin rumfa ba, domin duhun bango ya cike wuraren da ya kamata su zama fari. Ɗakin kuma bai kai faɗin da za a yi taku bakwai a cikinsa ba. Sai da na mayar da shi zaure, na shimfiɗa farin yadi a bayansa, na tsayar da shi inda hasken ƙofar gabas ke bugun yadin da safe, sannan ya dawo. Da dare idan aka ajiye fitilar sola a bayansa yana fitowa fiye da kowane lokaci, idan kuwa aka haska shi daga gaba ba a ganin komai sai ƙyallin waya. Wanda gidansa ba shi da zaure mai faɗi ko doguwar baranda, gara ya haƙura da hoton raga ya nemi ɗaya aikin.

Zaman ƙauye ma yana da nasa hukunci a kan abin. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin fallayen ta kwanta, wuraren fari su dushe, gizo-gizo ya samu gidan da ba a korar sa, kuma a bazara zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a cikin falle na uku, daidai kunnen marigayin, inda yatsa ba ya kaiwa. Ba a wanke shi da ruwa saboda tsatsa, ba a shafa masa mai saboda man yana riƙe ƙura, abin da na ga yana aiki shi ne famfon keke da tsinken tsintsiya. Bakunan wayar kuma suna da kaifi kamar ƙaya, kuma firam ɗin ya zo ba shi da wani murfi, har jikata ta yanki yatsa a makon farko. Bayan haka ne ya ƙara masa fallen raga cikakke a gaba a matsayin kariya, bai karɓi ko kwabo ba, amma abu ne da ya kamata ya zo da shi tun farko a gari da kowane gida yake cike da yara.

Aikin tulu da ƙwarya kuwa kusan ba ni da abin cewa a kansa sai yabo, kuma shi ne nake ganin ya fi dacewa da gidajenmu. Mutumin Koriya yakan fara zuba siffar abin da wani kayan roba mai tauri sannan ya naɗe ta, shi kuwa yaron kai tsaye ya naɗe kayan mahaifiyata, saboda haka tulun na nan a ciki da ƙasarsa da nauyinsa. Ya fara daga gindi, yana ɗora zagaye a kan zagaye yana kamawa da gam, bai bar inda allura za ta shiga ba, kuma a kafaɗar tulun ya karkatar da layukan suka yi kamar kunyoyin gona da suka bi gangare. Da na tsaya ina kallon hannunsa sai na ga ai wannan ɗinkin faifai ne, irin wanda matanmu ke yi da kaba tun kaka da kakanni, daga cibiya a yi ta zagayawa har baki. Na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce, “Ranka ya daɗe, ai a gaban kakata na koyi riƙon, ita da kaba ni da waya.” Ina ganin shi ya sa wannan aikin ya fi na ragar nutsuwa, domin a can yana bin abin da ya gani a bidiyo ne, a nan kuwa hannunsa a gida yake. Alminiyam ba ya jan tsatsa, ya ɗan dushe ne kawai daga ƙyallin farko zuwa launin toka mai laushi, wanda ni ya fi yi mini kyau, kuma tsumma ya isa share shi. Ba ya buƙatar nisa ko haske na musamman. Aibinsa guda shi ne a wutsiyar ludayin, inda lanƙwasar ta yi tsanani, gam ya saki a zafin bazara waya ta ɗan ɗago. Sai dai mai son irin wannan ya sani cewa abin da aka naɗe ya tashi daga aiki har abada, kada ya ba da tulun da ake shan ruwa da shi. Ya kuma tambayi inda wayar ta fito, domin a zamanin da ake yawan kukan satar wayar lantarki bai kamata mutum ya ƙawata zaurensa da abin da ya jefa wani gari cikin duhu ba. Shi dai ya nuna mini ragowar naɗin da ya sayo sabo a Kano.

Ba zan tsallake maganar da na san tana ran masu karatu da yawa ba, wato hukuncin surar mai rai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa wanda gaɓoɓinsa suka cika, zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko bango kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi, ko da yake malamai da dama suna ƙin rataye shi. Hoton raga yana da kauri, amma ba shi da hanci ko kumatu da suka taso, fallaye ne shimfiɗaɗɗu a jere, kuma kai da kafaɗa kawai ya nuna. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa kafin ya ba da kuɗi. Matashin da kansa ya ce ba ya naɗa siffar mutum ko dabba ko nawa za a ba shi, duk da cewa wanda yake koyi da shi yana yi, kuma mafi yawan masu zuwa wurinsa yanzu bishiyar kuka ko hasumiyar masallaci ko rubutun Larabci suke nema a ragar, waɗanda kuma suna fitowa da kyau saboda ba su buƙatar fallaye da yawa kamar fuska.

Ta fuskar cika alkawari sai a yi haƙuri da shi. Ya ce mini mako uku, sai da aka yi bakwai. Ruwa ya sauka ya tafi shuka, daga nan noman farko, ga rashin wuta da ya sa waldar firam ta jira har ya samu man janareta, ga kuma ƙofofi da tagogin da su ne abincinsa na kullum suna gaba da aikina a layi. Bai taɓa ƙin ɗaukar waya ba, bai kuma yi mini ƙaryar cewa ya kusa gamawa alhali bai fara ba, wanda a wurin masu sana'ar hannu ba ƙaramin abu ba ne, amma wanda yake son abin don wata rana ta musamman, kamar biki ko naɗin sarauta, ya ba da aikin da rani bayan an gama girbi.

Kuɗin da na biya a kan tulun ya halatta har da ƙari, na hoton kuwa aikin hannun ya ci kuɗinsa amma ragar ba ta ci ba. Mun yi magana da shi a makon jiya cewa bayan girbi zan shiga Kano da kaina in sayo ragar da ba ta tsatsa, shi kuma ya sake yanka fuskar da fallaye tara a kan kuɗin aikin hannu kawai, ya yi amfani da tsohon firam ɗin, ya gyara idon hagu, ya kuma bar falle biyu a ƙarƙashin gemun don ya rabu da rigar. Takardun da ya zana tun farko suna nan a naɗe a saman rumfarsa, ya ce ya sa su cikin leda saboda gara.